Ni da Ragon Godiya a Majami'ar Adjamé

Ba zan taɓa mantawa da wannan Lahadin ba, kuma ko na so in manta, 'yan majami'armu ba za su bari ba.

Ina aiki ne a wani kamfanin fiton kaya a bakin tashar jiragen ruwa ta Treichville, kullum ina zarya tsakanin ofis da 'yan duwan, wato kwastam. Majami'armu kuwa tana Adjamé, a saman wasu shagunan atamfa. Ƙarama ce, ta Kiristoci masu jin Hausa daga Najeriya da Nijar. Kowace shekara muna yin sujadar godiya. Kowa ya kawo abin da Ubangiji ya hore masa, doya ko mai ko ayaba, a tara a gaban bagade, daga baya a raba wa gwauraye da marayu.

Wata shekara wani ɗan'uwa ya shigo da buhun shinkafa a ka, aka yi ta tafi da guɗa. Ni ma na tafa (hannuna ne ya tafa, zuciyata kam cewa take, "Bari baɗi ta zo"). Da shekara ta zagayo, kuma ga zaɓen dattawan ikilisiya ya matso, sai na ce wa matata Rifkatu rago zan kai.

"Madalla," in ji ta. "A yanka ran Asabar, mu miƙa wa mata masu girki naman ta ƙofar baya."

"Ƙofar baya? Rago sukutum?"

Ta ƙura mini ido. "Baban Ishaku, Allah za ka ba, ko jama'a za ka nuna wa?"

Na ce mata so nake in zama abin koyi ga matasa. Yadda na faɗe ta da nutsuwa, ni kaina na kusa yarda.

Maƙwabcinmu Alhaji Mamman, ɗan kasuwa mutumin Nijar da ya tsufa a Abidjan, shi ya raka ni sayen ragon. Idona ya faɗa kan wani fari sol mai murɗaɗɗen ƙaho. Alhaji ya ce, "Maƙwabci, ƙiba kam akwai, amma kallonsa bai yi mini ba. Ɗauki wancan mai sanyin hali." Na ce wancan ba zai cika ido ba. Ya yi murmushi ya ce, "To, Allah ya karɓa."

Ran Lahadi na sa sabuwar shadda, riga iya gwiwa da wando mai tazuge. Da ƙyar muka sami mai taksin da ya yarda ya ɗauke mu, rago a but yana kuka tun daga Treichville har muka haye gada. A Adjamé kuma ga matakalar bene. Ina ja, yana turjewa. Rifkatu ta wuce ciki abinta kamar ba ta taɓa ganin mu ba.

Ban shiga ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina jira kowa ya gama kai nasa, don nawa ya zama na ƙarshe. Daga nan nake jin Fasto yana gargaɗi a kan bayarwa a ɓoye, ba don yabon mutane ba. Na gyaɗa kai na ce a raina, "Wa'azi mai kyau. Allah ya sa mai buhun shinkafa yana ji."

Sai dabara ta faɗo mini. Ina so in shiga hannuwana biyu a sama ina yabo (hoton zai fi kyau), ga kuma igiya a hannu. Sai na ɗaga riga na ɗaure igiyar ragon a tazugen wandona, na ƙulle tam.

Muna shiga matan zumunta suka saki guɗa, mai ganga ya shiga duka kamar ya fasa ta. Ragon nan ya tsaya cak, ya ɗaga kunne, sai ya zabura. Ni kuma dole na bi shi a guje, hannuwa har yanzu a sama. Wasu sun ɗauka Ruhu ne ya sauko mini, har na ji wata ta ce, "Halleluya!"

Muna dab da bagade ya fizga da ƙarfi, tazugen ya zare gaba ɗaya ya tafi da shi. Wando ya zube a idon sawu, ya harɗe ni, na kifa rub da ciki a kan tarin doya, riga ta naɗe har wuya. Abin da jama'a suka gani shi ne wani tsohon gajeren wandon ƙwallo, ruwan lemo, wanda Rifkatu ta sha cewa in jefar. Kamar hakan bai isa ba, ragon ya ture kwanon tumatir, ya juyo, ya ja da baya, ya kai mini karo daidai inda kuke tsammani.

Ganga ta tsaya. Majami'a ta yi tsit. Can daga baya wani ya ce, "Tonton, yako!" wato sannu irin ta mutanen Abidjan. Ai kuwa sai dariya ta ɓarke. Ina kwance fuskata cikin doya, ina roƙon Ubangiji ya ɗauke ni yanzu-yanzu.

Sai na ji an lulluɓe ni. Mama Ladi ce, wata tsohuwar gwauruwa mai soya ayaba a bakin tashar mota, ɗaya daga cikin waɗanda za a raba wa kayan. Ta kwance zanenta na sama ta rufa mini, ta tashe ni, ta ɗaura mini shi a ƙugu, ta ce a kunnena, "Tashi ɗana, ba wanda ya ga komai." (Ƙarya ce, Allah ya gafarta mata, amma ban taɓa jin mai daɗinta ba.) Ta zaunar da ni kusa da ita, ta ɗaga murya ta ja waƙa, jama'a suka amsa, idanu suka bar kaina.

Fasto ya share hawayen dariya ya ce, "'Yan'uwa, mun sha ganin masu bayarwa hannu sake, amma yau mun ga wanda ya ba da har wandonsa." Ragon kuwa masu shagunan ƙasa ne suka tare shi a matakala.

Da zanen na koma gida. A mota kafaɗun Rifkatu sai rawa suke, tana danne dariya. A ƙofar gida Alhaji Mamman ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Maƙwabci, sabon tsarin ibada ne?"

Zancen zaɓen dattawa ni da kaina na janye. Da na mayar wa Mama Ladi zanenta a wanke, na haɗa mata da sabuwar atamfa. Ta karɓi nata, ta turo mini sabuwar. "Akwai wata a layinmu da ruwan sama ya lalata wa kaya. Ka aika mata, amma kada ta san daga ina ta fito."

Haka na yi, kuma abin mamaki ban mutu ba don ba a tafa mini ba.

Na je da niyyar zama babban mai bayarwa, na dawo ni ne aka yi wa sadaka. Yanzu duk abin da zan bayar ta ƙofar baya yake bi. Wando kuwa, in ba mai bel ba ne, ba na zuwa da shi sujada.