Ƙirjin da Ya Ƙi Ji

Allah ya yi wa unguwarmu baiwa. Tun ranar da wani tsohon akawu a cikinmu ya yi ritaya, mu da jahilci muka yi hannun riga. Mun laƙaba masa Kamus-Mai-Tafiya, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Ba kalmar da za ta gifta ta shagon aski bai tare ta ya tambaye ta ubanta ba.

Burinsa ɗaya a duniya, a ba shi fili a gidan rediyo. Ya yi sintiri har takalminsa ya cinye, kafin wata ma'aikaciyar gidan ta yarda ta zo da na'urar ɗaukar magana ta gwada shi. In ya burge ta, fili ya zama nasa.

Ranar, Kamus ya hakimce a kujerar aski, ya ɓalle maɓallan rigarsa.

"'Yata, ɗauki wannan kyauta. Kalmar ƙirji asalinta ƙi ji. Wato wurin da ya ƙi jin tsoro, ya ƙi jin zafi. Magabata ba sa raɗa suna a banza."

"To Baba, harafin 'r' na tsakiya fa?"

"Gurnanin zaki ne ya maƙale a ciki."

Mai aski ya tsaya da almakashi a sama. Ni kaina sai da na shafa nawa ƙirjin, ko zan ji motsin zakin.

"Akwai hujja?" in ji ta.

Hujja! A gaban Kamus! Ya waiwaya ya hango mai faci yana jiran layi, ƙaton da ke ɗaga tayar babbar mota da hannu ɗaya.

"Kai, zo ka nushe ni a nan ƙirji. Da iya ƙarfinka."

"Baba, ka rufa mini asiri."

"Ilimi ne ya umarce ka, ba ni ba!"

Mai faci mutum ne mai biyayya ga manya. Ya naɗe hannun riga, ya yi bismillah.

Kujerar ta yi ta juyi da Kamus kamar fanka. Sautin da ya fito daga bakinsa babu shi a kowane harshe, wani abu ne tsakanin kukan akuya da ƙarar ƙofa mai tsatsa. Wallahi na tausaya masa, amma dariya ta fi ƙarfina.

Kada dai a yi masa ƙarya, ya shiga rediyo. Kowace safiya muryarsa ce ke buɗe shirin kiwon lafiya, sannan mai gabatarwa ta ce: "Jama'a, duk wanda ya ji ƙirjinsa na irin wannan kuka, ya garzaya asibiti."