Farantin Emine

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan taɓa mantawa da farantin Emine ba.

Ina da shekara arba'in da bakwai na shiga ajin manya a unguwar Minguettes, can ƙasar Turawa, koyon karatu da Faransanci. Benci ɗaya muke zama da Emine, wata Baturkiya mai sanyin hali. Ita kaɗai ce ba ta dariya in na yi karatu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Da na ci jarrabawar farko, sai ga ta da wani alkakinsu mai zuma a faranti fari, an zane shi da furanni shuɗi da ja.

To mu a Damagaram ba a riƙe kwanon mutane, kuma ba a mai da shi wayam. Na cika shi da dambu (zogalen ma ɗiyata ta aiko mini daga kasuwar Barbès), na kai mata. Washegari ta dawo mini da shi a wanke, ba komai ciki. Na haɗiye fushina. Na zuba tuwo da miyar manja. Ya sake dawowa wayam, wannan karon har da naɗi a takarda.

Ni ba a raina ni in yi shiru. Gaban malama da ɗalibai na dire farantin a tebur, na tambaye ta da guntun Faransancina ko kwanonta ya fi ƙarfin gidana ne take jefo mini shi fanko.

Idonta ya cika da hawaye. Ta kife farantin, sai ga zare a bayansa. Na ratayewa ne a bango, na mahaifiyarta, kuma shi ne kyautar. Ta ɗora yatsa kan wani dogon fure, ta ce a wurinsu fure ɗaya a kara ɗaya yana tuna kaɗaitar Allah, wardin gefensa kuwa ƙaunar Annabi.

"Sau biyu kika mai do mini," in ji ta. "Na zaci ba kya so na."

(Jama'a, a kan wardin nan na kwarara manja.)

Na yi mata bayanin al'adarmu da baki da hannu, har malama ta sunkuyar da kai tana dariya. Emine da kanta ta zo ta buga mini ƙusa.

Dambu dai har yau ina kai mata, amma a roba. Kuma yanzu kafin in ɗaga murya, sai na fara juya farantin na ga bayansa.