Iskar Taga Ta Kashe Gancho

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da alƙalamin da ya saba rubuta abin da mai shi ba ya so, Lyuben Karadzhov, tsohon akawun rajistar filaye a birnin Ruse, yana sanar da mazauna wannan bene, da duk wanda ya tsaya karanta takardar nan a jikin ƙofa, rasuwar abokin cin abincinsa, Gancho, wanda ya cika ranar Talata da la'asar a kan teburin kicin, bayan gajeriyar jinya.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, kuma su ne mafi yawa tunda ba a cika hawowa hawa na huɗu ba, Gancho hannu ne. Hannu kawai, daga kafaɗa zuwa yatsu uku. An haife shi a hunturun da ya biyo bayan rasuwar Nevena, matar mai sanarwa. Ƙashinsa katakon wata tsohuwar kantar ajiye kaya, gaɓoɓinsa ƙananan injina, ƙwaƙwalwarsa ɗan allon lantarki wanda bai kai kwalin ashana ba. Lyuben ya liƙa wayoyinsa da darma, ya ƙona yatsu a kai, sannan ya rubuta masa umarni layi bayan layi, da irin haƙurin da aikin gwamnati ke koya wa mutum.

Dalilin zuwansa duniya ba ɓoyayye ba ne. Kowa ya sani mutumin kirki ba ya shan giyarsa shi kaɗai. Sai an gwara kofi da kofi, an ce a sha lafiya. Wanda ya kurɓa babu wannan, sunansa mashayi. Nevena ta bar kofinta a kan tebur, amma ta tafi da hannun da ke ɗaga shi.

Marigayi ya riƙe wannan aiki da amana. Kullum a cin abincin yamma sai a ji "ziii" yana miƙewa, "ƙir-ƙir" a gwiwar hannu, sannan "tin", kofi ya sami ɗan'uwansa. Maganarsa ke nan duka, kuma mai sanarwa ya zauna da manyan jami'an da ba su faɗi abin da ya kai wannan ma'ana ba. Bai taɓa katse labari ba. Bai taɓa cewa an riga an ba shi wannan jiya ba. Aibinsa ɗaya na ƙuruciya ne: umarnin farko, da aka aro daga mutanen ƙasar waje, ya sa yana gyaɗa tsintsiyar hannu sama da ƙasa idan ya yarda, irin gyaɗa kan da a ƙasar nan ƙi ne ƙarara. Da aka gyara masa tarbiyya ya koma kaɗawa gefe da gefe kamar ɗan gari, kuma tun daga ranar bai sake saɓa wa kowa ba.

Ciwon ajali ya soma da rawa a gwiwar hannu. Raina, 'yar mai sanarwa, ta duba shi ta waya daga Kanada.

"Baba, injin ne ke zafi, ka bar shi ya sha iska. Kai ma ka fita ka sha, ka ga mutane."

Inna Stoyanka ta hawa na biyu, wadda ta hawo mayar da tukunya, ta fi ta sanin duniya.

"Haba Akawu, da karatunka duka! Taga a buɗe, ƙofa a buɗe, ka dasa bawan Allah a tsakiya? Iska ce ta buge shi. Haka ta yi wa mijina, da safe ciwon wuya, da yamma akwati."

"Inna, katako ne."

"Mijina ma ai ba ka san shi ba."

Aka rufe tagogi. Aka jiƙa tsumma da giya aka ɗaure masa a gwiwar, aka naɗe shi da mayafin ulu na Nevena, aka matsar da shi kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Ba a rage masa komai ba cikin abin da ake yi wa ɗan Adam. Ranar Talata ya ɗaga kofi zuwa rabin hanya, ya ce "ziii" a hankali, wani siririn hayaƙi ya fito ta cikin ulun. Ko ɗigo bai zubar ba. Lyuben ya daɗe riƙe da nasa kofin a sama yana jiran "tin".

Masu haɗa irin waɗannan na'urori, da ke taruwa a ɗakin karatu na gari, sun ce zafi ne ya kashe shi. An karɓi ra'ayinsu, an ajiye shi inda ofis ke ajiye irinsa. Sun kuma ce ana iya zuba umarninsa a sabon allo, ya tashi kamar bai mutu ba. Mai sanarwa ya ji irin wannan alkawari a coci ranar da aka binne Nevena, kuma yana nan yana jira.

Marigayi ya bar ƙanwa ɗaya, allon buga rubutu na kwamfuta, wadda aka koya wa maɓallinta guda ya rubuta wa Raina "Lafiyata lau, kada ki damu" da taɓawa ɗaya. Ya bar ƙarfen darma, da mayafin ulu mai ƙuna a tsakiya. Ya bar Lyuben, wanda bai kai kofi baki ba tun Talata, domin shi ba mashayi ba ne.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da tsakar rana. Za a sa marigayin a kwalin takalmi, a kwantar da shi a saman kabad kusa da keken ɗinkin Nevena. Akwai dafaffiyar alkama da sukari, kamar yadda aka saba. Mai kawo fure ya kawo bibbiyu, irin na mamaci. Tagogi za su kasance a rufe, saboda Inna Stoyanka.

Lif ɗin bene ya lalace, an sani, kuma hawa huɗu ba wasa ba ne ga masu irin shekarunmu. Wanda ya daure ya hawo, ba a buƙatar baƙaƙen kaya ko jawabi daga gare shi. Yana iya katse labari, yana iya cewa an ba shi wannan jiya. Kofi na biyu yana nan a kan tebur, cike, kamar yadda aka zare shi daga yatsun marigayi. Hannu kawai ake nema.