Ranar da na wanke kumfar Mariyama

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, ko na so in manta ba za a bar ni ba, don waɗanda suka gani da idonsu duk suna raye. Akwai ƙanwata Rabi, akwai Hadiza matar babban ɗana, mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Tsarnawa, akwai Illiyasu ɗan wana da ya kai mu da motarsa. Can kuma akwai tsohuwa Lalla da jikarta Mariyama, wadda autana Sabi'u ya ce in ba ita ba ya fasa aure.

Buzaye ne, suna zaune da bisashensu bayan Dogarawa. Maza sun riga sun je, uban yarinya ya yarda, amma Lalla da ta rene ta ta ce ba ta ba da bakinta sai ta ga matar da jikarta za ta zauna a gidanta. Ni kuwa a raina ni ce mai zuwa dubawa. Da za mu bar Konni Sabi'u ya biyo ni har bakin mota.

"Inna, don Allah, yau ɗaya, in kin ga abu ki yi kamar ba ki gani ba."

"Ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

(Yana da hujjarsa. In na shiga gidan mutum, kafin a ƙare gaisuwa na san ko an wanke tukunyar jiya.)

Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono. Mariyama ta hura gawayi, ta ɗauko 'yar butar shayi da ƙananan finjalai na gilashi. Na ga ta wanke su da sabulu cikin ruwan da bai cika ƙwarya ba, na ajiye wannan a zuciyata. Ni dai shayin nan ban taɓa kai shi bakina ba. Hura na sani, da kunu. Samarin da ke dafa shi a ƙofar gidana kuwa kora nake, ban taɓa tsayawa na kalli yadda suke yi ba.

Hira ta koma kan sunan abin. Lalla ta ce su ashahi suke cewa, a bakin Larabawa kakanninsu suka ji shi, bisa raƙumi ya zo. Hadiza ta ce da faransanci te ne, wai ganyen da sunan duk daga ƙasar Sin suka fito, kowace ƙabila ta yagi nata ta lanƙwasa shi yadda harshenta ya iya. Illiyasu, daga gefen tabarma, ya ce direbobin Mali atayi suke kira, in kuma ka ƙetara iyaka ka ce ti, kofi za a dire maka kamar bokiti, da madara da burodi.

"Mu ma shayinmu biyu ne," in ji Rabi. "Guda ana sha, guda wanzami ke yi wa yara maza."

Lalla ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni na harari Rabi, na ɗauki buta na zagaya bayan bukka na yi azahar, ina cewa a raina manya da su sun zauna suna gardama kan ruwan ganye.

Ina dawowa idona ya faɗa kan faranti. Kowane finjali da farar kumfa har rabinsa, ga yarinya ta ɗaga buta za ta tsiyaya a kai. Na cafke hannunta.

"Tsaya, ɗiyata! Sabulu za ki ba mu?"

Na jawo farantin, na ɗauraye finjalan ɗaya bayan ɗaya da ruwan butata, na goge da bakin mayafina. Ina yi ina wa'azi: ƙarancin ruwa ba hujja ba ne, gidana ba a haka, mace da ɗauraya ake gane ta. Rabi na mintsinina, na ce mata ta bari.

Sai da na gama na ɗaga kai. Illiyasu ya tashi wai zai duba taya, ina jin shi bayan mota yana shaƙewa da dariya. Mariyama ta sunkuyar da kai.

Lalla ta gyara lulluɓinta.

"Hajiya, kumfar ga ta shayi ce. Tun kina salla yarinyar ga ke juye shi daga sama tana tada ta. Mu nan baƙon da muke girmamawa shi muke yi wa kumfa. Wanda muke so shi tashi da wuri, haka nan muke miƙa mashi, finjali wanke tas."

Ta dubi finjalan da na jera suna walƙiya, ta dube ni.

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Mariyama ta sake haɗa shayin daga fari. Na sha na farko, ɗaci kamar maɗaci, na haɗiye ban yamutsa fuska ba. Na sha na biyu, na sha na uku. Muka yi sallama, Lalla ba ta ce komai kan aure ba. A gida Hadiza ta ba Sabi'u labari. Tuwonsa kawai na gani a rufe yadda aka kai shi.

Da safe na shiga kasuwa na sayi ganyen shayi da sukari, na hau motar Dogarawa ni kaɗai, daga bakin hanya na ɗauki kabu-kabu. Na iske Lalla tana kaɗa nono. Na dire kayan na ce, "Jiya na zo dubawa, yau na zo koyo. A kira mini ɗiyata."

Mariyama ta riƙe mini hannu, na ɗaga buta sama, rabin shayin ya tafi kan tabarma, sauran kan zanena. Kumfar da na samu ba ta kai tofin yaro ba. Lalla ta karɓa ta kurɓa, ta daɗe tana kallon finjalin.

"Ki ce ma Sabi'u shi turo magabatanshi a sa rana. Amma shayin gidanku, ki bar ma yarinya."

Na ce na ji. Ashe ido na iya kaifi mai shi bai san abin da yake kallo ba, shi ya sa yanzu in hannuna ya fara ƙaiƙayi a gidan mutane, sai in zauna a kansa in yi tambaya tukuna.