Sunana da Bai Shiga Silsila Ba

Ko na manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na gyara wa Baffa malamansa ba.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, na dawo Tahoua hutu daga jami'a, inda nake nazarin tarihin Musulunci a Adar. Ga tabarau, ga rakoda a kafaɗa, ina tafe kamar ni na gina garin. Baffa, yayan mahaifina, shi ne malamin gidanmu. Ya tsufa, ba shi da ɗa namiji, duk zuri'a ni kaɗai na yi nisa a karatu.

Na ce ina son ya faɗa mini malamansa. Ni abin rubuta bincike nake nema. Shi kuwa a wurinsa, ba mai tambayar silsilar malamai sai mai son ya gaji karatun. Ya sa aka tara almajiransa a zaure, ya ɗaura sabon rawani, aka shimfiɗa mini buzu kusa da nasa (ni ko, jakin banza, na zata karramar ɗan boko ce).

Ya fara: "Na ɗauka ga Malam Alu na Kalfu, shi ko ga mahaifinai, shi ko ga..." Yana jero su har Agadas. Sai ya ɗora hannunsa a kaina, ya buɗe baki.

Nan fa ilimi ya motsa mini. Na ce, "Baffa, dakata. Biyu daga cikin waɗanda ka jero ba su yi zamani ɗaya ba. Akwai giɓi a tsakani."

Wani dattijo ya sunkuyar da kai. Baffa ya janye hannunsa a hankali, ya ce, "To, ɗiyana. Kai ka sani." Ya shafa fatiha, aka watse.

A gida inna ta gaya mini cewa sunana ne zai faɗa a ƙarshe. Kunya ta hana ni komawa, na ce sai hutu na gaba. Kafin damina ta faɗi ya rasu.

Giɓin nan, har yau ina ganin gaskiyata ce, kuma ba ta amfane ni da komai ba. Faifan da na ɗauka a ranar yana nan, ina sa shi in yi kuka. In dattijo ya ɗora maka hannu a ka, ɗan'uwa, ka bari ya kai aya tukuna. Ni dai na je neman giɓi a silsilar Baffa, na dawo ni ne giɓin.