Jatan Lande a Wajen Ciyayya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tura jatan lande wajen ciyayyar ƙofar gidanmu a Rurum ba. Ban daɗe da dawowa daga bautar ƙasa ba, can Kudu bakin teku, na taho da ƙunshin busasshen jatan lande da girman kai na wadda ta ga duniya.

Na tarar Baba ya rame. Likita ya ce hawan jini ne, a rage masa mai da gishiri da jan nama. Baba malami ne, ya tsufa yana karantarwa a zaure, kuma ba ya son a ji ciwonsa, don haka ya tara mu ya ce maganar ta tsaya cikin gida. Umma ta yi ta rage gishiri a miya, amma duk sanda aka auna, jinin na nan sama. Gaskiya tsoro ya kama ni, don kuwa haka ƙanensa ya yanke jiki ya faɗi rana ɗaya, bai ƙara tashi ba.

Sai na ce bari in nuna musu yadda ake yi. Na hau babur zuwa Rano na sayo karfasa ɗanya shar, na wanke da lemun tsami, na turara ta da citta da tafarnuwa da albasa da tumatir, na watsa alayyafo. Ko ɗigon mai ban sa ba, gishiri kuwa sai ka rantse babu. Jatan landen na jiƙa a ruwan ɗumi, na jera su a sama da kawunansu da idanunsu da gashin bakinsu (don su yi kyau a hoto, Allah na tuba).

Umma ta leƙa ta ce, "Ke, kin san fa kwanon nan waje zai fita."

Na ce, "Su ma sa ƙaru, Umma."

Ai kuwa na sani. Tun ina yarinya Baba bai taɓa cin tuwon dare a cikin gida ba. Da an idar da magariba dattawan layinmu za su baje tabarma, kowa a fito masa da kwanon gidansa, a haɗa a ci tare. A nan ake sanin gidan da ke cikin wadata da wanda ke fama, ba tare da kowa ya ce uffan ba. Na laɓe a bayan ƙyauren zaure, ina jiran in ji santi.

Aka buɗe kwanon. Can na ji muryar Alhaji Garba, aminin Baba tun suna yara, yana cewa, "Malam, wannan halitta kallona take yi."

Wani ya ce fara ce ta faɗa ruwa, wani ya ce a'a, ta fi kama da kunama. Baba ya tabbatar musu da cewa abin teku halal ne, suka yi bisimilla. Duk wannan na jure. Sai da suka ɗanɗani romon ne dariyar ta ɗauke ɗif, Alhaji Garba ya sassauta murya ya ce, "Malam, miya ba mai ba gishiri? In abin ya matsa ai sai ka faɗa mana. Gobe in sha Allahu zan turo da man gyaɗa."

Wato sun ɗauka babu ce ta kama gidanmu. Baba dai ya gwammace a ɗauke shi matalauci da a ɗauke shi majinyaci. Ni kuwa raina ya ɓaci, ban san sanda bakina ya buɗe ba: "Ba rashi ba ne! Likita ne ya hana shi, hawan jini gare shi!"

Wayyo ni. A numfashi ɗaya na tona cewa laɓe nake, na sa baki a zancen dattawa, na kuma fasa sirrin da aka ce a rufe. Na ruga ciki, takalmina ɗaya ya zauna a zaure.

Da Baba ya shigo, takalmin na hannunsa. Ya ajiye min ya ce, "Uwata (sunan mahaifiyarsa gare ni), ashe muryarki na kaiwa har titi." Da duka ya yi min da ya fi sauƙi. Na yi kwanaki ina fita ta ƙofar baya.

Sai daga baya na gane abin da ni da Umma muka kasa gani. Muna ta awon gishiri a tukunya ɗaya, alhali Baba na cin miyar duk gidajen layin, kowace da manta yana iyo, don ba zai iya janye hannu daga kwanon aboki ba. Tun daga ranar Alhaji Garba ya zama ɗan sandansa, da ya ga hannun Baba ya nufi nama sai ya janye kwanon ya ce, "Ka rufa mana asiri, 'yarka na bayan ƙofa." Matan layi suka fara aikowa a gwada musu kifin nan, amma ban da mai gashin bakin. Da aka koma awo, jinin ya ɗan sauka, na shige ɗaki na yi kukana.

Na koyi cewa a garinmu in kina son gyara cimar mutum ɗaya, sai kin haɗa da duk masu zama a tabarmarsa. Ragowar jatan landen kuwa dakawa na yi lukui, ina barbaɗawa a miya. Dattawan nan sun daɗe suna santinsa, kuma wannan sirrin dai na riƙe shi.