Rasuwar Kwalbar Madam Vero

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, Dawuda ɗan acaɓa na tashar Kusada yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwalbar gilashi mai kusurwa huɗu da aka ba shi amana. Ta cika ranar Laraba da hantsi a ɗakin kakarsa da ke Kaikai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiyar ba 'yar garin nan ba ce. A cikin kwali ta zo, tare da Madam Vero, malamar kimiyya a wata sakandare a Kusada, wadda ke binciken ƙaron dakwara don ƙarin karatunta. Dawuda ya taɓa zama ɗalibin Madam kafin ya ajiye biro a aji huɗu, don kujera ba ta taɓa riƙe shi ba. Ya gwada faci, ya gwada cajin waya, ya gwada awon gero a kasuwar Kankia, ko'ina sai ƙafa ta yi masa ƙaiƙayi. Madam ta ɗauke shi ne ya riƙa kai ta dajin Fakuwa ɗibar ƙaro. Wata rana ya shigar mata da kaya, ya tarar da marigayiyar bisa tebur da farar takarda tsaye a cikinta. Ya tambaye ta ko mene ne.

"Ƙaron nan da kake rainawa sukari ne iri-iri," in ji Madam. "Sun kama hannun juna sun yi sarƙa mai rassa. So nake in san wa ke bin wa. Ido ba ya gani, sai an tsinka."

Da ruwan asid ake tsinkawa. In an dafa ƙaron ya daɗe, sarƙar ta watse ɗai-ɗai, a san su wane ne a gidan. In an sauke da wuri, ta tsinke bibbiyu da uku-uku, a san wane ne maƙwabcin wane. Daga nan aikin marigayiya ne. A ɗiga ruwan a gindin takarda, a jera masa ɗigon sukarin da aka riga aka sani, a tsayar da takardar cikin kwalba da ɗan ruwan magani a ƙasa, a rufe. Ruwan ya yi ta hawa a hankali yana jan kowane sukari, kowanne kuma da inda yake gajiya ya tsaya. In an fesa wa takardar magani an gasa ta, sai tabo ya fito. Wanda ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da sananne, ya faɗi sunansa ke nan.

Jama'a sun shaidi marigayiyar da haƙuri. Ba ta gaggawa, ba ta son kai, ba ta bari iska ta ji abin da ke cikinta. Duk rayuwarta kalma ɗaya aka san ta da ita, "ƙil", in murfi ya hau bakinta. A gabanta ne aka fara ganin Dawuda zaune wuri guda tun azahar har la'asar ta yi sanyi.

"Ango, ka bar fasinja a titi kana zance da kwalba?" Haka abokinsa Gajere ke tsokanarsa. "Taso mu tafi Legas, can babur ke haihuwa."

Da Madam za ta tafi Zariya, inda akwai injin da ke auna nauyin gutsattsarin sarƙar, ta miƙa masa marigayiyar da hannu biyu. "Riƙe min ita, Dawuda. In na dawo mu ci gaba, kuma bana sai ka zauna jarrabawa, ko da igiya zan ɗaure ka." Da wannan amanar yake kare kansa duk sa'ad da aka tayar da zancen Legas a gida. Mahaifinsa kan ce, "To, ba a tafiya a bar amana." Ba shi da wata hujjar zama sai ita.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Dawuda ya wanke ta da sabulu har warin magani ya fita, ya shanya ta, ya nemi wurin da yaro ba ya isa. Bai ga kamar ɗakin Kaka ba, sai ya ɗora ta cikin jeren kwanukanta. Ranar Laraba Kaka ta soya man shanu. Ta ɗaga kai ta ga abu mai tsabta, mai murfi, zaune wofi. A ɗakin Kaka kuwa mai murfi ba ya zaman banza. Ta juye man da zafinsa. Marigayiyar ta ce "tas", ta rabe daga gindi har baki.

"Maigidan, mi na yi?" in ji Kaka da Dawuda ya shigo. "Cewa na yi in tara maka na tuwo. Wa ya san mai kauri haka ba ta da ƙashi?"

Ya ɗebo toka ya rufe man da ya malale, ya koma tasha, ya ɗauki fasinja zuwa Kankia. Har yau yana jiran ya ji wani abu a ransa, bai ji ba.

Ta rasu ta bar murfi guda, lafiyarsa lau, ba shi da wanda zai rufe. Ta bar takardu masu tabo a ƙarƙashin katifa, da rabin buhun ƙaro, da Kaka wadda tun ranar ko fura sai an matsa mata. Ta bar Madam Vero, wadda Dawuda ya kasa kira. Madam, in wannan sanarwa ta iso gare ki, ita ce kiran.

Za a binne ta gobe Asabar da safe a bayan rumbu, cikin rami mai zurfi don kada yara su taka. Ba a bukatar taro, mai fartanya ɗaya ya isa. Masu ta'aziyya su wuce ɗakin Kaka, kuma don Allah kada kowa ya yi mata faɗa. Ba za a yi zaman makoki ba, domin motar shanun da za ta Legas da azahar take tashi daga Kankia, kuma Gajere ya kama wuri na mutum biyu.